Saura kwana goma a rufe fom biyu, Baba kuma ya ce a'a

Assalamu alaikum Anti,

Ni ɗaliba ce a aji uku a wata jami'ar tarayya a nan Arewa, ina karanta kimiyyar ƙananan ƙwayoyin halitta, shekarata 21. Tun da muka dawo wannan zangon ruwa ya zame mana jidali a ɗakunan kwanan mata. Ƙarfe huɗu na asuba muke jera bokitai, wata rana har a tafi lakcar ƙarfe takwas layi bai zo kanki ba. Ni ce na tattara sunaye muka kai kuka, aka gyara mana famfo ɗaya. Daga nan ƴan'uwa suka taso ni gaba wai lallai in fito takarar jami'ar walwala a ƙungiyar ɗalibai, kuma gaskiya ni ma raina yana so. Wani ɗan ajinmu da ke bin wani ɗan siyasa ya ce maigidansa zai biya min kuɗin fom da na fosta.

Da na gaya wa Baba a waya sai ya ce shi karatu ya tura ni, ranar da na sayi fom in haɗa kayana in dawo gida. Mama ba ta ce komai ba. Yayana da ke biya min kuɗin makaranta shi ma ya fara kukan nauyi ya yi masa yawa.

Ga kuma wani abin. Bara tallafin karatu biyu suka wuce ni. Na farko ban ji ba sai da aka rufe, alhali ƙawata da muke ɗaki ɗaya ta cike har ta samu, ba ta taɓa gaya min ba, kuma har yau abin yana ci min rai. Na biyun kuwa sunana na NIN ne bai yi daidai da na JAMB ba, ga shi ba ni da takardar indijin. Yanzu an buɗe wani, saura kwana goma a rufe, fom ɗin takara ma a makon ake rufe shi. Makina 3.58 ne. Anti wanne zan bi? Ko in sayi fom ɗin a ɓoye, in na ci Baba ya haƙura?

Daga wata ɗaliba

Wa alaikumus salam ƴata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk biyun wuri ɗaya idona ya tsaya, a layin da kika bi ta kansa da sauri kamar ba komai: sunanki na NIN bai yi daidai da na JAMB ba. Kin ce bara ne hakan ya hana ki tallafi, amma ba ki ce kin gyara ba. In har yana nan yadda yake, to shekara guda ke nan kina jin haushin ƙawarki, abin da zai sake kayar da ke kuwa yana kwance a cikin jakar takardunki. Shi ya sa zan fara da shi, kafin mu zo kan Baba.

Yau da daddare ki shimfiɗa takardunki duka a kan gado: ta NIN, ta shigar JAMB, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, katin makaranta, da sunan da ke kan BVN ɗinki. Ki bi su harafi bayan harafi. Yawanci ba wani babban abu ba ne. Wuri ɗaya an rubuta A'isha wani wurin Aishatu, nan Muhammad can Mohammed, ko sunan uba ya zo gaba a wata takarda ya koma baya a wata, ko kuma wani magatakarda ya ɗora miki 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa don ya huta. Ido na mutum zai gane ke ce, kwamfuta kuwa ba ta san uzuri ba. Wadda ta fita daban da sauran ita za ki gyara. In NIN ce, hukumar NIMC ke da wannan aikin. In ta JAMB ce, ofishinsu na jiha za ki nufa. Ana biyan kuɗi, ana iya neman takardar rantsuwa daga kotu, kuma ba zan yi miki alkawarin zai kammala cikin kwana goma ba. Ki fara gobe duk da haka, ki riƙe rasit da takardar rantsuwar, ki cike fom ɗin tallafin da abin da ke hannunki muddin shafin ya karɓa. Abu ɗaya na hana ki: kada wani mai shagon intanet ya ce kawo in daidaita miki a kwamfuta, minti biyar ne. Wannan takardar bogi ce, kuma ranar tantancewa sunanki ne a kanta, shi yana can shagonsa. Ko da tallafin bana ya kuɓuce, wahalar gyaran ba ta tafi a banza ba, domin wannan saɓanin sunan zai tare ki a ƙofar bautar ƙasa, lokacin da ƴan ajinku ke karɓar takardar kira.

Takardar indijin kuma aikin Yayanki ce. Shi da ke kukan nauyi, ga hanyar da zai sauke wani ɓangare: ki tura masa hotunanki na fasfo, ya bi ta wajen mai unguwa ko dagaci in haka tsarin garinku yake, ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Ki gaya masa ranar da ake rufewa, ki rage kwana huɗu a cikin abin da za ki faɗa masa. Ba ƙarya na koya miki ba, ranar da ke kike buƙatarta a hannu ke nan.

Na san abin da nake faɗa, don na taɓa raka ƴar ƙanwata shagon intanet a daren ƙarshe na wani fom. Mutum goma sha wani abu a kan benci, janareta yana tari, mai shagon yana danna abu ɗaya yana sakewa, ɗan da'irar nan tana ta juyawa a fuskar kwamfuta. Da layi ya zo kanmu sai shafin ya ce hotonta ya yi nauyi. Kafin a rage shi sabis ya ɗauke. Sha biyu saura kwata ya dawo, amma duk ƙasar nan kowa a lokacin yake turawa, shafin ya ƙi buɗewa sam. A hanyar gida ba ta yi kuka ba, sai da muka shiga soro. Yarinyar ta fi da yawa daga waɗanda suka samu maki, fafe gora ranar tafiya ne kawai ya ci ta. Ke ki ɗauka fom ɗinki saura kwana bakwai ne, ki je shagon da hantsi ranar aiki, kuma kafin nan ki sa a ɗauki hoton kowace takarda a ajiye miki a imel ɗinki, ta yadda ko a mota kike za ki iya turawa.

Tunda maganar kuɗi ce ke damun gidanku, ban ga kin ambaci NELFUND ba. Asusun lamunin karatu ne na gwamnatin tarayya, an sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe shafinsa a watan Mayun shekarar, don ɗaliban manyan makarantun gwamnati irin taku. Ba kuɗin ruwa a cikinsa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, wanda ya nemi na kashewa kuma ana ba shi naira 20,000 a wata. Ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Bashi ne dai, ba kyauta ba, don haka ba abin da za ki yanke ke kaɗai ba ne. Ki kai wa Baba da Yaya su duba. Amma ki lura da abin da ake tambaya a shafin: lambar JAMB, NIN da BVN. Kin ga mun sake dawowa kan gadon nan da takardu a shimfiɗe.

Sauran damarmakin kuwa kamar kayan gona suke, kowanne da kakarsa. Hukumar tallafin karatu ta jiharku, ta tarayya, asusun bunƙasa fasahar man fetur wato PTDF, gidauniyar MTN, kamfanonin mai da iskar gas, duk sukan dawo shekara-shekara. Gidauniyar Tony Elumelu ma, ga masu tunanin sana'a, 1 ga Janairu take buɗe nata. Ki sami ɗan littafi ki rubuta wanda duk ya wuce ki, da watan da aka buɗe shi da abin da aka nema, sai ki fara leƙa shafinsu wata guda kafin lokacin ya zagayo. Allon sanarwa na ofishin kula da harkokin ɗalibai da na sashenku, ki mai da shi wurin da kike tsayawa sau ɗaya a mako. Duk wanda kuma ya ce ki tura kuɗi asusun wani mutum kafin a sa sunanki a jerin tallafi, ɗan damfara ne, ko da tambarin gwamnati goma ne a kan saƙonsa.

Yanzu ƙawarki. Ciwon da kike ji gaskiya ne. Mutumin da kuke cin garau-garau a kwano ɗaya bai kamata ya cike fom a gabanki ya yi gum ba. Mai yiwuwa ta zaci kin gani a zauren WhatsApp na aji, mai yiwuwa kuma tsoron kada ki ture ta ne, wanda hali ne mara kyau amma ba baƙo ba a inda gurbi kaɗan ne masu nema dubbai. Ki tambaye ta sau ɗaya, ku biyu, ba a gaban ƴan ɗaki ba, ki ce abin ya tsaya miki a rai. Amsarta za ta nuna miki matsayin da za ki ajiye ta. Sai dai ki yarda da wani abu mai ɗaci: ko ta gaya miki a ranar farko, da wuya takardunki su bar ki ki wuce. Wannan tallafin da aka buɗe yanzu, ke ki tura mata shi. Ba don ta cancanta ba, don kawai ki sauke kayan da kika ɗauka shekara guda.

To, Baba. Kada ki sayi fom a ɓoye. Ban ma tsaya kan haƙƙin uba ba, wanda kin san shi ba sai na karanta miki ba. Takara ba ta ɓoyuwa. Fosta ce da fuskarki a jikin bango, kuma kafin gam ɗin ya bushe wata ƴar garinku ta ɗauki hoto ta tura wa mamarta. Ranar da Baba ya gani a wayar wani a majalisa, ba maganar takara za a yi ba kuma, maganar amana za a yi, kuma ita ce za ta shafi zamanki a makarantar gaba ɗaya.

Ki tsaya ki ji abin da ke cikin a'arsa. Mutanen zamaninsa in aka ce ƙungiyar ɗalibai, ba famfo suke gani ba. Suna tuna 1978, lokacin zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da Ali Must Go kan ƙarin kuɗin abinci da wurin kwana, aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Suna tuna watan Mayun 1986 da aka sake zubar da jinin ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. In ma waɗannan sun yi nisa, ai da idonsa ya ga abin da ya biyo bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, ya ga yaran da aka gurfanar a kotu a Abuja cikin Nuwamba, wasu suna faɗuwa don galabaita. Ki ɗora a kan wannan cewa ke mace ce: taron dare, samari suna rakiya, bakin mutane a unguwa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Ba lallai ne duk tsoronsa ya dace da kujerar da kike nema ba, amma ba daga iska ya ɗauko shi ba.

Kuskurenki shi ne waya. Uba da aka jefa wa magana irin wannan a waya, ƴarsa tana nesa, a'a ce kaɗai makamin da ke hannunsa. Ki je gida wannan Juma'ar. Ki fara da Mama a ɗaki, don shirun da ta yi ba lallai ne goyon bayansa ba, wataƙila jira take ta ji daga bakinki. In akwai kawu ko gwaggon da Baba ba ya ƙetare maganarsu, a sa su a ciki. In kin zauna gabansa kada kalmar takara ta fara fitowa. Ki ba shi labarin bokitan, ƙarfe huɗu na asuba, ƴaƴan mutane suna fita cikin duhu neman ruwan alwala. Ki gaya masa yadda kika tattara sunaye aka gyara famfo. Ki nuna masa sakamakonki, ki nuna masa kundin tsarin ƙungiyar inda aka rubuta aikin jami'in walwala. Sannan ki gindaya wa kanki sharuɗɗa kafin shi ya gindaya: ba taron dare, ba zanga-zanga, ba kuɗin ɗan siyasa, kuma ranar da makinki ya sauko ƙasa da 3.50 kin ajiye. Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya yi magana, ko da maganar ta yi tsawo.

Kuɗin ɗan siyasar nan kuwa, ko Baba ya amince ko bai amince ba, ki mayar da godiya. Ba ruwan mutumin da famfonku. A rajistar zaɓen 2023, cikin mutum miliyan 93 da ɗoriya, ɗalibai sun kai miliyan 26, sun fi kowane rukuni yawa. Abin da yake saye ke nan, kuma ta hannun irinki ake isa gare su. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: gobe za a kira ki ki cika mota da ƴan mata zuwa gangami, ko ki karanta sanarwar goyon baya da sunan ɗalibai. In ƴan'uwanki da gaske suke, su haɗa ɗari biyar-biyar su saya miki fom. In suka kasa, kin ga ƙuri'unki tun kafin zaɓe.

Kin tambaye ni wanne za ki bi, to ga ra'ayina a fili. Tallafin ne farko. Takarar tana bayansa, kuma sai da yardar Baba. Ko ya yarda ma, akwai lissafi biyu da za ki yi. Makin 3.58 a bakin gaɓa yake. Layin digiri mai daraja ta biyu babba 3.50 ne, kuma nan ne masu ba da tallafi da yawa suke ja nasu layin, wasu ma 4.0 suke nema. Zango ɗaya na yawon kamfe da zaman mitin ya isa ya tura ki ƙasa. Na biyu, ɗaliban kimiyya a jami'o'i da yawa a ƙarshen aji uku suke fita koyon aiki na SIWES har wata shida. Ki duba jadawalin sashenku. Jami'ar walwalar da ke wani ɗakin gwaje-gwaje a wani gari rabin wa'adinta, waye zai tsaya wa masu bokiti?

Ba zan ɓoye miki ba, in kin bari bana mai yiwuwa ke da wannan kujerar sai dai labari, don baɗi kina aji huɗu da aikin bincike a wuya. Rashi ne, kuma kina da damar jin zafinsa. Amma ki tuna famfon nan da aka gyara, ba ki da muƙami lokacin. Akwai wakilcin ɗakin kwana, akwai majalisar wakilan ɗalibai, akwai ƙungiyar sashenku, duk ba su da hayaniyar babbar takara, kuma su ne nake ganin Baba zai fi saurin sakin hannu a kansu. Aikin ruwan ma bai ƙare ba. Ki ƙirga famfo nawa ne a ginin, nawa ke aiki, ɗalibai nawa ke kwana a ciki. Ki rubuta a shafi ɗaya zuwa ga shugaban kula da harkokin ɗalibai ta hannun mai kula da ɗakunanku, ki kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan ɗaya ki riƙe. Bayan mako biyu ki koma da kwafin a hannu, da fara'a. Ofis yana iya manta kuka, takarda mai hatimi da kwanan wata ita ce ba ya son a sake nuna masa. Ranar da ƴan takara za su gabatar da manufofinsu kuma, ki miƙe da waɗannan alƙaluman ki tambayi kowannensu abin da zai yi da kuma yaushe.

Wani abin da ba ki ambata ba: kina da katin zaɓe? Ina tambaya ne don na sha ganin masu zafin siyasar makaranta ba su da shi. Shi ma yana da ranar rufewa. Kafin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, tun 31 ga Yulin 2022 INEC ta rufe rajista, kusan wata bakwai ke nan. Kuma da zaɓen ya zo an rufe jami'o'i aka sallami ɗalibai, wanda rumfarsa ke cikin makaranta alhali gidansu na wata jiha sai kallo. Waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na shekarar ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Don haka ki yi rajista, ko ki nemi a mayar miki da katin, inda kika tabbata za ki kasance ranar zaɓe, kuma da sunan da kika gyara.

In kuma abin nan da kike ji a ranki mai zama ne, gaba da faɗi. Tun Mayun 2018 aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, ke kuma saura shekara huɗu ki kai. Matan Arewa sai a ƙarshen shekarun 1970 suka fara jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan hakan, kuma majalisar dattawan da aka rantsar a 2023 matan cikinta ba su kai biyar ba cikin 109. Wannan ba hujjar da za ki kai wa Baba ranar Juma'a ba ce, kada ki soma, zai ce ashe abin ya wuce famfo. Amma in hira ta yi daɗi bayan la'asar, ki tambaye shi shekarar da ya fara jefa ƙuri'a da wanda ya zaɓa. Iyayenmu da yawa da ke cewa ba ruwansu da siyasa, in ka taɓo wannan sai ka roƙe su su yi shiru.

Ki kira Yaya yau kafin ki kwanta, sakatariya ba ta aiki Asabar da Lahadi. In kin dawo daga gida ki rubuto min abin da Baba ya ce, da kuma harafin da ya saɓa a sunan naki. Allah ya yi miki albarka.